Yadda Ake Gyara Rimorki Don Ɗaukar Maruƙa

Hirarmu ta yau a kan maruƙa take, da abin da ake ɗauko su a ciki daga kasuwa zuwa gida.

Kai da kake kiwon turke a Maradi ko Matamai ko Madawa, ka san inda ƙananan shanu suke hitowa. Daga kasuwannin arewa ne, irin su Abalak da Dakwaro da Tanut, inda makiyaya suke kawo ƴan bijimai da karsanai. Babban sa yana tahiya da ƙafa kwana da kwanaki bai damu ba. Maraƙi kuwa kamin ya iso ya zube. Kamyo kuma ba ya tashi saboda bisa ukku. Shi ya sa mutane da yawa suke komawa ga ƙaramar rimorki wadda mota ke ja, wadda jiya ta ɗauko siminti ko buhunan albasar Galmi. To, ita wagga rimorki don kayan da ba ya motsi aka ƙera ta. Buhu inda ka aza shi, nan za ka iske shi. Maraƙi yana da ƙafa huɗu, yana da tsoro, yana tsalle, yana hitsari a inda yake tsaye.

Na taɓa iske wani bawan Allah a bakin hanyar Tawa, ya tsaida mota, ya yi tagumi. Karsana ce ya sawo, ja, ƴar Azawak, kyakkyawa. Katako ɗaya na ƙasan rimorkinsa ya ruɓe, ƙafarta ta burma, motar tana gudu bai sani ba. A nan bakin hanya aka yanka ta. Kuɗin katakon da bai canza ba bai kai kuɗin igiyar da ya ɗaure ta da ita sau biyar ba.

Kamin ka je wurin mai walda, fara da lissahi. Duba wuyan rimorkin, sau da yawa akwai ɗan allon ƙarhe da aka rubuta iyakar nauyinta. Ƙananan da ba su da birki na kansu, galibi kilo 750 ne iyakarsu, kuma a cikin wanga lissahi har da nauyin ita rimorkin kanta. Nan ne mutane suke ruɗewa. In ka ƙara mata ƙarhe da katako da ƙofa, nauyinta ya ƙaru, abin da za ta iya ɗauka ya ragu.

Nauyin maraƙi fa? A gidan kiwon Tukunus, kusa da Filinge, inda ake renon shanun Azawak, maraƙi yakan faɗo da kilo 20 da ƴan kai. Waɗanda ake saye don turke sun wuce nan da nisa, daga kilo 100 zuwa 200. In ba ka da sikeli, ma'aikacin gidan kiwo yana iya auna ƙirjin bisa da igiyar awo ya gaya maka nauyinta kusa da kusa. Game da hili kuma, dokar ƙasashen Turai mai lamba 1 ta shekarar 2005 ta ba da awon da za mu iya aiki da shi. Ana auna shi da murabba'in metir, wato hili mai metir ɗaya a tsawo, metir ɗaya a faɗi. Maraƙi mai kilo 50 yana bukatar 0,30 zuwa 0,40. Mai kilo 110 yana bukatar 0,40 zuwa 0,70. Mai kilo 200 kuma 0,70 zuwa 0,95. Mu da muke ƙasar zahi, mu riƙe babban adadin.

Ɗauki alli mu gwada. Ga rimorki mai tsawon metir 2, faɗi metir 1,25. Hilinta 2,5 ke nan. Mu ce bayan gyara nauyinta ya kai kilo 280. In ka sa maruƙa huɗu masu kilo 110, kowane ya samu hiye da 0,60, nauyinsu 440, jimla 720. Wanga ya yi. In kuwa masu kilo 200 ne, hili zai ɗauki ukku, amma 600 da 280 sun kama 880, ka wuce iyaka da kilo 130. Biyu za ka ɗauka, ko da dillali ya rantse maka cewa na ukku zai shiga. Zai shiga ɗin. Taya da sifirin ne ba su san da rantsuwarsa ba.

Yanzu mu zo ga ƙasan rimorki, don nan ne rabin aikin yake. Kwano mai sulɓi abokin gabar kofato ne. Da hitsari da kashi sun taɓa shi, ya koma kamar bakin rijiya. Bisa ta zame, ta yi tsaga, ko ta faɗi sauran su tattake ta. Ka shimhiɗa katako mai kauri, santimetir 4, mai ƙwari, wanda gara ba ta taɓa ba. A jera shi a gicce bisa ƙarahunan gindi, a ɗaure da bulon, kada a buga ƙusa kurum, don girgizar hanya tana zare ƙusa. Tsakanin katako da katako kada ratar ta wuce kaurin ɗan yatsa, daidai yadda ruwa zai tsiyaye. Bisa katakon a kakkafa ƴan siraran itace a gicce, taki ɗaya tsakaninsu, inda kofato zai tokare in mota ta taka birki. Ranar tahiya ka zuba rairayi kwano biyu ko ukku, ka bi shi da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayin gero. Kada ka shimhiɗa leda ko tampol, sun hi kwanon sulɓi.

Wani abu da ba a cika tunawa da shi ba: me rimorkin ta ɗauka jiya? Maraƙi malashi ne, duk abin da ya gani sai ya kai masa harshe. Sauran takin zamani na ure, ko maganin ƙwari na gona, ko darmar tsohon batir, kowane ɗaya yana kashe shi. Ka kankare, ka wanke, kamin ka shimhiɗa komi.

Sai gehe. Bangon rimorkin kaya bai kai gwiwar mutum ba, maraƙin da ya hirgita taku ɗaya zai yi ya ƙetare. A ɗaga shi ya kai metir 1,40 daga katakon ƙasa. Ginshiƙan, na tiyo ko na ƙarhe mai kusurwa, a liƙa su ga ƙashin rimorkin kansa, kada a liƙa su ga kwanon gehe. Kuma su tsaya ta waje, katako ta ciki, don cikin ya zama sumul. Santimetir 60 na ƙasa a ruhe shi ruf, ba rata, don nan ne ƙafa take neman wurin shiga. Daga nan zuwa sama a bar rata don iska, amma kada ta wuce faɗin yatsu huɗu. Rata mai faɗi tarko ce: kai ya shiga, ƙaho ya hana shi hitowa. Ta sama a gitta tiyo biyu ko ukku, su riƙe bangon kada ya buɗe, su kuma ne za su ɗauki rumfa. Zana ko tabarmar kaba ta hi kwano sanyi. A bar hili tsakanin rumfa da tozon bisa, iska ta ratsa.

Gaba kuwa, wajen mota, a ruhe shi duka. Ta nan hayaƙin mota yake shigowa, da ƙura, da tsakuwar da taya ke harbawa, da sanyin hunturu in an yi sammako. In mai walda ya ƙare, kada ka biya shi tukuna. Shiga ciki da tsohon tsumma, ka bi ko'ina kana shafawa. Duk inda tsumman ya maƙale, nan fatar maraƙinka za ta tsage, sai a goge wurin. Kan bulon mai sulɓi ya dubi ciki, wutsiyarsa ta dubi waje.

Akwai wani bango da mutane suke ganin ɓarnar kuɗi ne, ni kuwa a wurina ya hi rumfa amfani. Shi ne ɗan shinge na tsaka, wanda ake matsawa gaba ko baya. Ga dalili. Rimorki mai tayoyi biyu kamar sikeli take. Ya kamata nauyi ya ɗan rinjaya gaba, kamar kashi ɗaya cikin goma na jimla ya kwanta bisa ƙugiyar mota. In maruƙa suka samu hili mai yawa, mota ta kama hawa, duk sai su sulale baya. Wuyan rimorki ya yi sama, bayan mota ya yi sakayau, rimorkin ta fara kaɗa wutsiya hagu da dama. Direban da bai saba ba sai ya danna birki, daga nan sai abin da Allah ya yi. Shingen yana tsare bisashe daidai kan tayoyi da ɗan gabansu. Yana kuma raba babba da ƙarami, mai ƙaho da marar ƙaho. Maruƙa biyun nan masu kilo 200 da muka lissafa, sai da shinge za su tahi lahiya.

Ƙofar baya a yi mata sakata biyu, kowace da ɗan ƙarhen da zai hana ta zarewa. In ƙofar ce za ta zama matakala, to tsawonta ya ninka tsayin rimorki daga ƙasa sau ukku. Tsayi santimetir 50, matakala metir ɗaya da rabi, da siraran itace a gicce. In ba ka da halin wanga, yi dabarar ƴan kasuwa: ka ja da baya ka jingina da tudun ƙasa, ko ka gina ɗan rami tayoyi su shiga. Abu ɗaya kada ka kuskura. Kada ka hau da bisa rimorkin tana kwance daga mota. Da maraƙi ya taka baya, gaba zai tashi sama. Ka ɗaura ta ga mota, ka sa sarƙa ta biyu, ka tokare tayoyi da dutsi.

Tayoyi, giris na boris, hitilun baya da tayar safaya, direba ya san su. Ya dube su dai tun jajibiri.

Mu zo ga ɗauri. Al'adarmu ita ce a haɗa ƙafahu huɗu a ɗaure, a kwantar da bisa a gehe ɗaya kamar buhu. Ga tahiyar minti goma ana tsira. Ga tahiyar awa ukku, kasada ce. Bisa mai tuƙa kullum tumbinta yana yin iska, gyatsa ce take hid da ita. In ta daɗe kwance a gehe ba ta iya gyatsa, ciki ya kumbura ya danne huhu. Jini kuma ba ya ratsa ƙafar da aka ɗaure tamau, shi ya sa wani maraƙin in an kwance shi sai ya kasa tashi. Tun da ka gyara rimorki, bar su a tsaye, a sake. Wanda ya cika fitina a sa masa igiyar kai, a ɗaure sama da ɗan sassauci. Zarge a wuya kuwa ko kusa.

Ba kowane maraƙi ake hawa da shi ba. Wanda cibiyarsa ba ta bushe ba, mai zawo, mai ɗingishi, mai tari, a bar su. Wanda bai bar nono ba kada a raba shi da uwarsa don tahiya mai nisa. Kamin tashi a shayar da su, a ba su busasshiyar ciyawa, kada a cika musu ciki da dusa ko ɗanyen haki. Ka biya gidan kiwo ka karɓi takardar shaidar lahiyarsu.

A bazara, watan Afrilu da Mayu, zahin Tawa da Yamai yana wuce awo 40. Ka tashi da asuba, ko ka jira la'asar sakaliya. Ka sani rimorkin da ke tsaye a rana ta hi mai tahiya zahi, don haka in za ka ci abinci ka nemi inuwa. Bisa kwalta kilometir 50 zuwa 60 a awa ya isa. Bisa jar hanya mai gargada ka rage ƙwarai. Bangon da ka ɗaga da bisashen da ke tsaye sun mai da nauyi sama, kwanar da ka saba sha da buhuna tana iya kihe ka da maruƙa. Bayan minti 15 na farko ka tsaya ka leƙa, don a nan ne ba su saba ba. Daga nan kuma kowace awa. In ka iske ɗaya a kwance, tada shi kamin ka ci gaba.

In kun iso, kada ka zuba su cikin garken gida. Ka turke su daban kwana 14, da ruwa da ciyawa da inuwa. Bushiya dai an gama da ita a duniya, a shekarar 2011 aka yi shelar haka. Amma ciwon huhu da boru suna nan, kuma kasuwa ce mahaɗarsu. Wahalar hanya ma kanta tana tada ciwon ƙirji bayan ƴan kwanaki. In ka ga maraƙi ya bar ci, kunnuwa sun sauka, majina na zuba, numfashi yana sama sama, kira ma'aikacin kiwo a ranar. Rimorkin kuma ka kwashe shimhiɗar ka ƙone, ka wanke katakon da ruwan Javel, ka bar ta a rana ta bushe sarai kamin maƙwabcinka ya zo aro.