Ƙwaya Mai Farautar Ƙwayoyin Cuta

Kukan da muke yawan ji idan mun zaga ƙauyuka shi ne, an sha kafso, an yi allura, amma gyambo bai warke ba, ko zawo ya ƙi tsayawa. Wani lokaci maganin ne jabu. Sau da yawa kuwa ƙwayoyin cutar ne suka saba da maganin har ba ya kashe su. Bincike ya nuna a shekara ta 2019 mutum wajen miliyan 1.27 suka mutu a duniya saboda wannan, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ta fi ko'ina asara.

Shi ya sa masana suka koma kan wata 'yar mitsitsiyar halitta da Allah ya ajiye cikin ƙasa da ruwan rafi. A Jamus aka gano ta a 1962, aka sa mata suna Bdellovibrio, wato mai kama da matsattsaku. Ita ma bakteriya ce, amma abincinta 'yan'uwanta ne. Takan yi iyo da sauri, ta manne wa ƙwayar cuta, ta huda ta, ta shige ciki ta toshe ƙofar. A nan za ta cinye ta, ta yi tsawo, ta rabu gida uku ko fiye. Bayan awa uku zuwa huɗu 'ya'yan su fasa su fito, kowa ya nemi tasa. Wanda ya taɓa buɗe buhun wake ya tarar da aikin ƙwari ya gane zancen. Abin daɗin shi ne, ko ƙwayar cutar ta fi ƙarfin magani, wannan bai dame ta ba, kuma ba ta cin jikin mutum.

A 2011 masana a jami'ar Nottingham ta Ingila sun ba kaji ita, sai Salmonella, dangin ƙwayar taifod, ta ragu a hanjinsu. A 2016 an gwada ta a kan 'ya'yan kifi masu ɗauke da Shigella mai jawo atuni, irin wadda ba ta jin magani, kuma waɗanda suka rayu sun ƙaru.

Sai dai mu faɗi gaskiya, kaji da kifi ba mutane ba ne. Ba kowace ƙwayar cuta take ci ba, ba ta kuma cinyewa duka. Ragewa take yi, jiki ya ƙarasa. Har yanzu ba ta zama maganin da likita ke rubutawa ba, balle ta iso kemis. Duk mai tallar da ya ce yana da ita, ku riƙe kuɗinku.

Kafin nan, magungunan da ke hannunmu su ne za mu kiyaye. Kafso ba ya maganin mura ko gajiyar noma. Kada a saya ɗaya biyu a kasuwa, kada a raba wa maƙwabci, a sha yadda malamin asibiti ya faɗa. Masu zuba wa kaji kafso a ruwan sha ba tare da ciwo ba, su ma su daina. Muna roƙon zumuntar mata a kowace ikkilisiya su tattauna wannan a taronsu na gaba.