Sola a Gombe: an kama wuta, an bar ruwan zafi

Duk wanda ya zagaya unguwannin Gombe, daga Pantami zuwa Jekadafari da Tumfure, zai ga allunan sola sun yawaita a rufin gidaje, shaguna, masallatai da rijiyoyin burtsatse. Kusan duka wutar lantarki ake nema da su, don fitila da fanka da firji da cajin waya. Na'urar dumama ruwa da zafin rana kuwa, wadda ta fi su sauƙin ƙira, ba kasafai ake cin karo da ita ba, alhali garin na fama da sanyin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu.

Dalilan da suka sa jama'a suka rungumi sola a bayyane suke. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, kunna janareta ya gagari talaka da ƙaramin ɗan kasuwa. A Afrilun 2024 aka ƙara kuɗin wuta ga masu rukunin Band A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa Naira 225 kowane yunit. A watan dai ɓata-gari suka lalata turakun babban layin Jos zuwa Gombe, garin ya shafe makonni cikin duhu, duk da tashar Dadin Kowa mai megawat 40 tana nan kusa. Wanda ya sha wannan wahala, haske zai fara nema.

Sai dai dumama ruwa na cikin abubuwan da suka fi cin makamashi a gida. Bokiti mai lita 20, kafin ya tashi daga digiri 20 zuwa 40, yana cin kusan rabin yunit. Shi ya sa masu haɗa sola ke gargaɗin kada a jona hita a jikin inbata, don tana saurin kashe batir. Allon sola kusan kashi 20 cikin ɗari kawai na hasken da ya sauka a kansa yake mayarwa lantarki. Na'urar dumama ruwa, wato baƙin faranti ko bututun gilashi da tanki a samansu, tana kama rabin zafin ko fiye, ba batir ba inbata. Murabba'in mita ɗaya nata kan ba da bokiti huɗu zuwa biyar na ruwan wanka a rana mai kyau.

Kwamin ninkaya na otal ya fi fito da lissafin fili. Mai tsawon mita 10, faɗin 5, zurfin ɗaya da rabi yana ɗaukar lita 75,000. Ƙara masa digiri ɗaya tak na buƙatar yunit 87, kusan Naira dubu ashirin a farashin 2024. Ga busasshiyar iskar hunturu da ke kwashe zafin ta hanyar tururi, musamman da dare. Ba mai otal ɗin da zai jure wannan da hita ko dizal, sai a bar kwamin babu masu shiga har sanyi ya wuce. Maganin da aka saba da shi a wasu ƙasashe shi ne baƙaƙen bututun roba a kan rufi, famfon tace ruwa ya riƙa zagayawa da ruwan ta cikinsu, a kuma lulluɓe kwamin da dare.

To me ya hana na'urar dumama ruwa karɓuwa? Na farko, sanyin wata uku ne, mutum na ganin asara ce ya kashe kuɗi a kan abin da ba zai mora ba a zafin Maris da Afrilu. Na biyu, na'urar na son ruwan famfo ko tankin sama, gidaje da yawa kuwa daga hannun 'yan garuwa suke saye. Na uku, hazo na rage ƙarfin rana daidai lokacin da aka fi buƙatarta, ƙura na rufe gilashi in ba a gogewa. Na huɗu, masu aikin sola lantarki suka koya, masu aikin famfo kuma ba su saba da ita ba.

Sakamakon yana kan itatuwa da aljihu. Da asubar hunturu gidaje na hura itace da gawayi don ruwan wanka da alwala, mai jego kuma kwana arba'in ana dafa mata ruwa. Ko da rana ba ta tafasa shi ba, in ta kai shi digiri 50 ko 60, an rage itacen sosai. Jihar da ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa na Gombe Goes Green a 2019, take kuma fama da zaizayar ƙasa, tana da babban dalilin rage sara. Hayaƙin murhu kuma mata da yara ne suka fi shaƙarsa.

Fasahar ba baƙuwa ba ce. Cibiyar binciken makamashi ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato ta daɗe tana ƙera irin waɗannan na'urori, China kuwa ita ke da mafi yawansu a duniya. Maƙeranmu da masu walda za su iya haɗa ta da kwano, bututu da gilashi.

A ganina wurin farawa shi ne inda ake buƙatar ruwan zafi kullum, rani da damina: ɗakunan haihuwa, makarantun kwana, otal-otal da gidajen abinci. A nan ne kuɗin ke saurin dawowa. Ya kamata gwamnatin jiha ta sa na'urar cikin tsarin gyaran asibitoci, kwalejojin fasaha su koya wa matasa ƙirarta, masu otal kuma su yi lissafin abin da hita ke ci musu kafin hunturu mai zuwa.