Yadda Ake Dasa Furen Yufobiya Mai Ƙaya

Wannan fure, wanda masana ke kira Euphorbia milii, dangin aguwa da tinya ne, asalinsa kuwa tsibirin Madagaska. Yana jure fari, kuma yakan yi fure kusan duk shekara muddin yana samun rana sosai.

Da reshe ake dasa shi, kamar yadda ake kafa shingen aguwa. A yanko reshe mai tsawon santimita 10 zuwa 15, a ajiye shi a inuwa kwana biyu ko uku har bakin yankan ya bushe, sannan a kafa shi cikin ƙasa mai rairayi. Wanda aka dasa da ɗanyen yanka yakan ruɓe tun bai yi saiwa ba.

Yawan ruwa ya fi fari yi masa illa, don haka kada a yi ban ruwa sai ƙasar ta bushe. Inda damina ke da ƙarfi, a dasa shi bisa kunya ko cikin tukunya mai huji a gindi.

Farin ruwan da ke fita daga jikinsa yana da dafi. A sa safar hannu wajen yanka, kuma a dasa shi nesa da yara da dabbobi. Idan ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa nan take, a garzaya asibiti.