Kayan Kakanni A Hannun Jamusawa: An Fara Bin Sawu

Duk wanda ya taɓa haye gadar Wuri daga New Bell zuwa Bonaberi ya taka ƙasar da Jamusawa suka yi wa ruwan wuta a watan Disamba na 1884. Laifin sarkin wurin, Lock Priso, shi ne ya ƙi sa hannu a yarjejeniyar da ta miƙa Duwala ga Jamus. Kafin a cinna wa gidansa wuta, wakilin Jamus Max Buchner ya shiga ya ɗauke "Tange", wato sassaƙaƙƙen itace mai ado da ake kafawa a goshin kwalekwalen sarki. A 1885 Tange ya isa gidan adana kayan tarihi na birnin Munik. Jikan sarkin, Yarima Kum'a Ndumbe na Uku, ya shafe shekaru yana neman a maido shi, hukumomin can kuwa suka tsaya kan tambayar wane ne magajin gaskiya.

To, yaya aka san kwasar ganima ce ba ciniki ba? Ai Buchner da kansa ya rubuta abin da ya aikata. Aikin masu bin sawun kaya ke nan: su buɗe tsohon rajistan gidan tarihi, su ga sunan wanda ya kawo abu da shekarar, sannan su gwada da wasiƙun hafsoshi da rahoton yaƙi. In ranar samun kaya ta zo daidai da ranar da aka ci gari, magana ta fito fili.

A 2023 Farfesa Albert Gouaffo na Jami'ar Dschang da Farfesa Bénédicte Savoy ta Balin, tare da abokan aikinsu, suka bayyana cewa kayan Kamaru fiye da 40,000 ne ke gidajen tarihin Jamus. Na Yawunde bai wuce kimanin 6,000 ba.

Wani zai ce wannan maganar Duwalawa ce, ina ruwan Bahaushe? Da ruwansa. A 1899 hafsan Jamus von Kamptz ya ci Tibati, aka wawashe fadar Lamiɗo, kuma wani kaso na ganimar ya ƙare a birnin Bremen. Garuwa ta faɗi a 1901, Marwa a 1902. Fatakenmu da malamanmu suna zaune a waɗannan garuruwa. Kada kuma mu ɓoye wa kanmu, an samu Hausawa cikin sojan Jamus ɗin.

Inda takardun Turawa suka gaza shi ne sunan mai kaya. Sau da yawa katin riga ko takobi ko laya sunan ƙabila da na hafsan da ya kawo kawai yake ɗauke da su. Wanda ya ɗinka, wanda ya ƙera, gidan da aka fitar da abin, wannan sai a bakin dattawa. Saboda haka mai kaka a New Bell da ya ji labarin zamanin Jamus daga iyayensa, ya zauna da shi ya rubuta sunan gari da na gida da abin da aka ɗauka, ko da boko ko da ajami.