Gidajen Gem A Arlit: Abin Da Yara Suka Sani Game Da Wasanninsu, Iyaye Ba Su Sani Ba

Duk wanda ya ratsa layukan Arlit ko Akokan bayan sallar la'asar, da wuya bai ci karo da wani ɗan shago mai labule a ƙofa ba, takalma zube a waje, ihu na tashi daga ciki sai ka ce ana rabon gado. Wannan shi ne gidan gem. A ciki talabijin ce biyu ko uku, da na'urar PlayStation, da benci, da samari biyu kowanne riƙe da manet, wato abin da ake dannawa a sarrafa wasan, sauran kuwa sun yi cirko-cirko suna jiran layi ya zo kansu. Wanda bai samu wuri ba sai ya koma fada wajen masu shayi, ya zaro salula ya ci gaba da nasa.

A wajen yawancin iyaye, musamman 'yan kasuwa da ke wuni a rumfa, gem gem ne, duk ɓata lokaci ne. Amma da muka zauna da masu buga wasannin, sai muka tarar sun san kayansu kamar yadda Hajiya mai atamfa ta san bambancin Holan da 'yar Sin tun daga taɓawa. Sun san wanda ke cin batir, da wanda ke cin mega, da wanda ke cin kuɗi a ɓoye. Tunda kuwa kuɗin nan daga lalitar uwa ko aljihun uba yake fitowa, muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu abin da yaran ke faɗa da bakinsu.

Garin da ke jiran aiki

Idan mai karatu bai manta ba, ƙarfen uraniyom ne ya kafa Arlit. Kamfanin Somaïr ya fara haƙa a 1971, na Cominak da ke Akokan ya biyo baya a 1978. A watan Janairun 2009 gwamnatin Nijar ta sa hannu da kamfanin Areva na Faransa kan mahaƙar Imouraren, mai tazarar kimanin kilomita 80 kudu da Arlit, wadda aka ƙiyasta tana ɗauke da uraniyom kusan tan 200,000. Samari suka yi ta sa rai da aiki. Sai farashi ya faɗi a kasuwar duniya, a 2014 aka sanar da jingine aikin. Ranar 31 ga Maris, 2021 Cominak ya rufe, ɗaruruwan ma'aikata suka koma gida. A watan Yunin 2024 hukumomin Yamai suka karɓe lasisin Imouraren daga hannun Orano, sabon sunan Areva, sannan a Yunin 2025 suka mayar da Somaïr mallakar ƙasa.

Yaron da aka haifa shekarar da aka sa hannu kan Imouraren yanzu saurayi ne. Shi da yayyensa ne ke cika bencin gidan gem, domin hannun da ba shi da aiki ba ya rasa abin riƙewa.

Gardamar 'yan ƙwallo

Babu wasan da ya kai na ƙwallon ƙafa kasuwa a waɗannan shaguna, kuma a nan gardama ta fi zafi. Ɓangare ɗaya na bayan PES na kamfanin Konami na Japan, ɗayan kuma na bayan FIFA na kamfanin EA Sports na Amurka.

Masu PES na ganin nasu ya fi kama da ƙwallon gaske. Sai ka haɗa fasin, ka nemi hanya, ka yi haƙuri kafin ka zura ƙwallo, don haka gwani ne ke cin wasa. Har yau suna yabon PES 6 na 2006 da PES 2013. Aibinsa, wanda su ma ba sa musu, shi ne rashin sunayen gaskiya na ƙungiyoyi da dama. An daɗe ana kiran Manchester United da suna Man Red a cikinsa, Arsenal kuwa North London, saboda kamfanin bai sayi izinin amfani da sunayen ba. Wannan ne ya sa masu shaguna ke sayen wanda masu dabara suka yi wa kwaskwarima, suka cusa sababbin riguna da sababbin 'yan wasa a cikin tsohon faifai.

Masu FIFA kuwa kyan hoto suke tinƙaho da shi, da sunaye da riguna da filaye na gaskiya. Abokan gardamarsu na yi musu ba'a cewa a FIFA gudu shi ne komai, wai ka ɗauki ɗan wasa mai sauri irin Mbappé ka miƙe da shi kawai. Sunayen biyu ma duk sun sauya. A 2021 PES ya koma eFootball, kuma fitowarsa ta farko ta sha zagi a duniya saboda fuskokin 'yan wasa da suka fito a karkace. A 2023 EA ta rabu da hukumar FIFA, wasan ya koma EA Sports FC. Amma a bakin yara har gobe PES ne da FIFA.

Abu guda da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai shi ne takaicin cewa za ka iya ɗaukar ƙungiyoyin Ingila da Sifen, amma ba za ka samu Urana ko Akokana, ƙungiyoyin garinsu, a ciki ba.

Mai shago shi ma yana da nasa ra'ayi, kuma irin na ɗan kasuwa ne. Wasan ƙwallo ya fi masa, domin minti goma an tashi, wasu sun zauna, kuɗi ya shigo. Game da na'ura, tsohuwar PlayStation 2 ta shekarar 2000, wadda aka sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, ita ce jakin gida, ga araha ga juriya. PlayStation 4 ta 2013 ta fi jan samari, sai dai a garin da zafi ke haura digiri 40 kuma ƙura ba ta hutawa, fankarta kan toshe ta dinga kuka kamar injin niƙa. Idan wutar da ke zuwa daga tashar kwal ta Sonichar ta ɗauke, sai janareta, kuɗin mai kuma daga riba yake fita.

Wasannin harbi a cikin salula

Yaron da ba ya zuwa gidan gem ba lallai ne ya tsira ba, domin babban gidan gem yanzu yana cikin aljihu. Biyu ne suka fi tashe, Free Fire na kamfanin Garena na Singafo da ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018. Tsarinsu ɗaya ne: a sauke 'yan wasa daga jirgi a kan tsibiri, kowa ya nemi bindiga, a yi ta harbi har a bar mutum ɗaya ko ƙungiya ɗaya.

Masu Free Fire na yaba masa saboda sauƙi. Mutum 50 ne a zagaye guda, kusan minti goma an gama, kuma yana tafiya a ƙaramar salula. Masu PUBG na kiransa wasan yara, suna cewa hotonsa kamar zanen katun. Nasu mutum 100 ne, zagaye kan kai rabin awa, kuma ya fi buƙatar dabara. Sai dai su ma sun yarda cewa yana da nauyi, yana cika salula, yana sa ta zafi har ta gagara riƙewa, yana kuma zuƙe batir. Dukansu biyu ba sa yiwuwa sai da intanet, kuma kukan 'yan wasan arewa ɗaya ne: da zarar layi ya yi rauni sai hoto ya tsaya, kafin ya dawo wani yaro a wata ƙasa ya riga ya harbe ka.

Nan ne muke son Hajiya ta buɗe kunne. Saukar da waɗannan wasanni kyauta ne, amma a cikinsu akwai kasuwa. A Free Fire ana sayar da abin da ake kira lu'ulu'u, a PUBG kuma UC, da su ake sayen riga da adon bindiga. Kayan ba na taɓawa ba ne, hoto ne kawai, amma kuɗin na gaske ne. Yaran da kansu sun shaida cewa wanda bai saya ba abokai kan raina shi. Wani abin ma ƙuri'a ce, ka biya a juya maka, ko ka samu abin da kake so ko ka tashi a tutar babu. Irin wannan ƙunshi na sa'a yana cikin FIFA ma, kuma a 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce caca ne, har a farkon 2019 EA ta daina sayar da makin sayensa a ƙasar. Idan Turawan da suka saba da abin sun kira shi caca, mu me za mu kira shi?

Waɗanda ba na yara ba

Akwai kuma GTA, musamman San Andreas na 2004 da GTA V na 2013. Samari na sonsa saboda sakewa: gari ne guda aka ba ka, ka tuƙa mota, ka hau babur, ka tashi jirgi, ka je inda ka ga dama. Mai shago ba ya sonsa sosai, domin yaro ɗaya kan riƙe manet awa guda ba tare da abokin karawa ba. Manyan samari kuwa ba su ɓoye mana ba cewa labarin wasan na 'yan daba ne, akwai ƙwacen mota da harbin 'yan sanda da mata masu zaman kansu. Haka Mortal Kombat na 1992, wanda ake yabo saboda zafin dambensa, amma jinin da ke cikinsa ya kai har majalisar dattawan Amurka ta zauna a kai a 1993, shekara guda bayan haka kamfanonin suka fara sa alamar shekaru a jikin wasanni.

Alamar nan tana da amfani ko ga wadda ba ta yi boko ba. A kwalin wasannin da ke shigowa daga Turai akwai lamba a kusurwa: 3, 7, 12, 16 ko 18. Na ƙwallo 3 ko 12 za ki gani, GTA kuwa 18. Tunda mafi yawan abin da ke shagunanmu an loda shi ne babu kwali, sai ki tambayi mai shago sunan wasan da ɗanki ke bugawa.

Na cikin rumfa

Kada dai mu ɗora wa yara laifi duka. A cikin kasuwa ma, idan rana ta take ciniki ya lafa, sau nawa za ka ga mai shago ya duƙufa a kan Ludo King, ko mai sayar da turare tana jera alewar Candy Crush? Masu Ludo King, wanda ya fito daga Indiya a 2016, na sonsa saboda mutum huɗu na iya zagaye salula ɗaya ba tare da intanet ba. Kukansu shi ne yawan talla, da zargin da kowane wanda aka ci ke yi cewa ɗan ludon na son kai. Candy Crush na 2012 ba shi da jini ba shi da zagi, amma rai biyar yake ba ki, idan suka ƙare sai ki jira rabin awa kafin ɗaya ya dawo, ko ki biya. Da yawa ma kan ce duk ba su kai macijin tsohuwar Nokia 3310 ba, wanda bai taɓa neman ko dala ba. Mai ciniki dai ya tsaya ya yi sallama sau biyu ba a ɗago ba, to rumfar gaba zai wuce.

Lissafin 'yan kasuwa

Bari mu yi lissafi irin namu. A ce wasa ɗaya dala ashirin ne, yaro ya buga biyar a rana, dala ɗari ke nan. A wata guda jaka 15. Wata mai ƙosai da wannan ta fara jari. Ba a sa kuɗin mega ba, ba a sa na caji ba, ba a sa ɗan abin da samari kan ajiye a gefe na wanda ya ci ya kwashe ba. Yaron da ba ya sana'a, daga ina yake samu? Mai tura yaro talla ko aike ta fi kowa sanin amsar, ranar da canji ya dawo ba daidai ba.

Abin ya wuce na kuɗi kawai. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar gem cikin jerin cututtuka. Alamominta su ne mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuransa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin illa, har tsawon shekara. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa 'yan ƙasa da shekara 18 wasannin intanet zuwa awa ɗaya a ranakun Juma'a da Asabar da Lahadi da ranakun hutu.

Duk da haka ba mu ce a rufe gidajen gem ba. Mai shago abinci yake nema, wani ma tsohon ma'aikacin mahaƙa ne ko ɗansa. Yaron da ke bencin gidan gem an san inda yake, a garin da hanyar Assamaka da ramukan zinariya ke kiran samari kullum. Wasu ma a nan suka koyi gyaran manet da loda wasanni da gyaran salula, har ya zame musu sana'a.

Shawararmu ga iyaye ita ce a san wasan kafin a yanke hukunci. Na ƙwallo a shago kuɗinsa a fili yake, ana iya ƙayyade shi, a ce wasa biyu bayan an taso daga makaranta. Na harbi a salula shi ne mai buƙatar sa ido, kuma kada a ba yaro lambar sirri ta asusun kuɗin waya ko da aike ne. Mai lamba 18 kuwa a hana shi ƙananan yara, masu shaguna su ma su ji tsoron Allah a kan wannan, su kuma kori yara lokacin makaranta da lokacin sallah. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ki zauna da ɗanki yau da dare ki tambaye shi wane wasa ya fi so, kuma mene ne aibinsa. Za ki sha mamakin yadda zai zayyana miki komai, har da inda kuɗin ke tafiya. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya kuma kawo kasuwa mai albarka.