Ciwon Gwiwa da Wuyan Hannu: Ba Kowane Targaɗe ne na Maɗori ba

A ƙasar Ngelbeli makiyayi yakan faɗo daga raƙumi ya dafa ƙasa da tafin hannu. A bakin Komadugu kuma mai noman tattasai yakan ɗauki buhu, ƙafarsa ta kafe cikin laka, jikinsa ya juya. Haka ɗan kokowa a fage. Sai a ce targaɗe ne, a kira maɗori. Maɗori ya san karayar dogon ƙashi, amma hannunsa ba ya ganin abin da ya lalace cikin gaɓa.

Gwiwa gaɓa ce mai ɗaukar kaya. In mutum yana tafiya, nauyin da ke sauka kanta ya kai nauyin jikinsa sau 2 ko 3. Tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri akwai guringuntsi 2, kamar gammo ƙarƙashin tulu. Akwai kuma jijiyoyi 2 masu ƙarfi da suka gitta juna a tsakiya, suna hana ƙasusuwan zamewa. Gwiwa an yi ta ne domin lanƙwasawa da miƙewa. Murɗawa ce ba ta so. In ƙafa ta kafe jiki ya juya, sai guringuntsi ya yage ko jijiya ta tsinke. Jini kaɗan ne yake isa wurin, shi ya sa yawancin irin wannan rauni ba ya haɗewa da kansa. Ja da murza ba su gyara shi, ƙaho ma haka.

Ga alamun da ke cewa a tafi likita: an ji ƙara "ƙas" lokacin rauni, gwiwa ta kumbura cikin awa kaɗan, ta ƙi miƙewa, ko kuwa tana gocewa in an taka.

Wuyan hannu ya fi yaudara. Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a ciki. Wanda ke gindin babban yatsa shi ya fi karyewa in an dafa ƙasa. Kumburin kaɗan ne, mutum ya ci gaba da jan guga. Wani lokaci hoton ƙashi na farko ma ba ya nuna karayar, sai an sake bayan kwana 10 zuwa 14. In an gane da wuri, filasta ta mako 6 zuwa 12 takan isa. In an bari, ƙashin ya ƙi haɗuwa, bayan shekaru hannu ya sandare, riƙon hauya ya gagara.

Da can sai an tsaga gwiwa sosai kafin a ga cikinta. Wani likitan Japan, Kenji Takagi, ya leƙa cikin gwiwar gawa da siririn madubi a 1918. Almajirinsa Masaki Watanabe ya kyautata madubin, a 1962 ya cire yagaggen guringuntsi ta ƙaramar kafa. Yau aikin ya bazu a duniya. Ana sa wa majiyyaci maganin kashe zafi, a huda ƙofa 2 ko 3 ƙanana. Ta ɗaya a zura ƙarfe mai kaurin milimita 4, ɗauke da fitila da kamara, a cika gaɓar da ruwa mai tsabta. Likita yana kallon cikin gwiwa a talabijin, yana ɗinki ko yanka ta ɗaya ƙofar. Na wuyan hannu ya fi wannan siranta. Jijiyar da ta tsinke kuwa, ana musanya ta da wata da aka ciro daga ƙafar mutumin.

Ƙanƙantar rauni a fata ba ta nufin an warke. Wanda aka sa wa sabuwar jijiya yana bukatar motsa ƙafa bisa umurnin likita, kuma sai wajen wata 9 kafin ya koma kokowa. Ba kowa ne ma ake yi wa aikin ba. Wasu motsa jikin kaɗai ya ishe su.

Aiki ne na manyan asibitoci masu likitan ƙashi. Hanya tana farawa daga likitar gari, zuwa Maine-Sorowa, zuwa babban asibitin Difa, inda ake ba da takardar wucewa gaba in da bukata. Kafin a isa, a hutar da gaɓar, a ɗaure ta ba da matsi ba, a ɗaga ta sama, a sa tsumma mai ruwan sanyi.