Yadda Ake Ceto Bayanai Daga Tsoffin Faifan Fulofi Ta Hanyar USB

An ƙirƙiri Jihar Neja a 1976 da Minna a matsayin babban birninta, aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna a 1983, sannan Hukumar Shirya Jarrabawa ta Ƙasa, NECO, ta sami mazauni a garin a 1999. Dukkan waɗannan shekaru sun faɗo ne cikin zamanin da faifan fulofi, wanda aka fi sani da diskit, ke riƙe da ragamar ajiyar bayanai a kwamfuta. A wancan lokacin ɗalibai kan kai kundin kammala karatunsu shagunan buga takardu su karɓo shi a diskit, kamar yadda ofisoshi ke adana wasiƙu da jadawalin albashi a cikinsa.

Irin waɗannan faya-fayai suna nan jibge a durowa da akwatuna, alhali kwamfutocin yanzu ba su da ramin da za a zura su.

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da faifan farko mai faɗin inci 8 a 1971. Mai inci 5.25 ya biyo baya a 1976, sai kuma mai inci 3.5 na kamfanin Sony na Japan a farkon shekarun 1980. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi bazuwa a Nijeriya, kuma abin da yake ɗauka yawanci bai wuce megabayit 1.44 ba, wato ƙasa da nauyin hoto ɗaya na wayar zamani. Tauraronsa ya fara dusashewa a 1998 da Apple ya fitar da kwamfutar iMac ba tare da ramin fulofi ba, kafin Sony ya daina ƙera shi a 2011. Duk da haka, gwamnatin Japan ba ta gama soke dokokin da ke wajabta amfani da shi ba sai a 2024.

Dalilin gaggawar ceton shi ne yadda faifan ke riƙe rubutu. A cikin kwanson robar akwai wani siririn faifai da aka shafe da sinadari mai maganaɗisu, kuma a jikinsa bayanan suke. Zafi, ƙura da laima duk suna cin wannan shafe. A gari irin Minna, inda damina ke kaiwa daga Afrilu zuwa Oktoba, funfuna na iya kama faifan da aka bari a wuri mai danshi. Ajiye shi kusa da lasifika ko wani abu mai maganaɗisu ma na iya goge abin da ke ciki.

Hanya mafi sauƙi ita ce ta na'urar karanta fulofi mai wayar USB. Ba ta buƙatar wutar lantarki ta daban, domin daga jikin kwamfutar take ja. Da an jona ta, manhajar Windows kan nuna ta da harafin A. Sai dai iyakarta faifai mai inci 3.5 da aka tsara bisa tsarin kwamfutocin IBM da makamantansu.

Faifai mai inci 5.25 kuwa sai da tsohuwar na'urarsa ta asali, wadda ke amfani da faffaɗan kebul mai layuka 34, tana kuma buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 5 da bolt 12. A nan ake sa wani ɗan allon lantarki, kamar Greaseweazle ko KryoFlux, tsakanin na'urar da ramin USB. Allon yana kwashe alamomin maganaɗisun kamar yadda suke, daga baya manhaja ta mayar da su fayiloli, abin da ke ba da damar karanta faifan da aka rubuta da tsarin da Windows ba ta sani ba.

Kafin a zura faifai mai inci 3.5, ya kamata a tura ɗan makullin da ke kusurwarsa har ramin ya buɗe, domin hakan na hana kwamfuta rubuta komai a kansa. A ja murfin ƙarfen a duba: faifan da ke da tabon funfuna zai ɓata kan na'urar, ya kuma lalata wanda za a sa bayansa. Idan kwamfuta ta nemi a sake tsara faifan, kada a amince, don hakan na share bayanan. A fara da kwafe komai gaba ɗaya, a kuma bi kwafin da manhajar kariya, saboda diskit na daga cikin manyan hanyoyin yaɗuwar cutar kwamfuta a zamaninsa.

Bayan kwafewa, sauran aikin shi ne buɗe fayilolin. Yawancinsu an rubuta su ne da tsoffin manhajoji irin su WordPerfect da Lotus 1-2-3, kuma manhajar LibreOffice, wadda ake samu kyauta, tana buɗe da dama daga cikinsu. Daga nan sai a mayar da su tsarin PDF, a adana kwafi aƙalla biyu a wurare dabam-dabam, a kuma riƙe faifan na asali a busasshen wuri, ko da za a sake buƙatarsa.